Elaine Hedges, farfesar da ta ɗauki bargon ƙyallaye da muhimmanci

Akwai wani gajeren labari da wata 'yar jarida Ba'amurkiya mai suna Susan Glaspell ta fitar a 1917, sunansa A Jury of Her Peers, tun 1916 ma ta fara rubuta shi a matsayin wasan kwaikwayo kafin ta mai da shi labari. An wayi gari ne aka tsinci wani manomi a mace kan gadonsa da igiya a wuya, matarsa Minnie ta ce ita dai barci take ba ta ji komai ba, aka kama ta aka kulle. Washegari babban ɗan sandan yankin da lauyan gwamnati da maƙwabcin da ya fara ganin abun suka zo gidan neman hujja, don ba su da abin da za su nuna wa kotu su ce ga dalilin da ya sa ta yi kisan. Suka taho da mata biyu, matar ɗan sandan da matar maƙwabcin, su aikinsu kawai su ɗebo wa Minnie kayan sawa. Mazan suka leƙa kicin suka ce nan ba komai sai tarkacen girki, suka yi dariyar tawul mai datti, suka haura sama abinsu. To matan nan biyu da aka bari a kicin su suka gano komai. Sun ga aikin da aka fara aka bari rabi, sun ga kejin tsuntsu an ɓalle ƙofarsa da ƙarfi, sun ga bargon da take haɗawa ɗinkin duk tsaf-tsaf amma wuri ɗaya ya hargitse sai ka ce ba hannu ɗaya ya yi ba, can cikin kwandon ɗinkin kuma suka tarar da gawar tsuntsun a naɗe cikin ƙyallen siliki an murɗe masa wuya. Suka kalli juna, ɗaya ta warware ɗinkin da ya hargitse ta gyara shi, suka ɓoye tsuntsun, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Wannan labarin shi ne hanya mafi sauƙi ta shiga aikin Elaine Hedges, farfesar adabi Ba'amurkiya, don a 1986 ta rubuta maƙala a kansa wadda ni a wurina duk aikinta yana cikinta a dunƙule.

Amma bari in fara bayanin bargon, don ba irin wanda muke saya a kasuwa ba ne. Ƙananan ƙyallaye ake yankawa, ragowar yadi ko tsohuwar riga, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya su ba da zane, wannan shi ne saman. Sai a shimfiɗa auduga ko ulu a tsakiya, a sa wani yadin a ƙasa, a bi duka ukun da ƙananan ɗinki a haɗe su. Duk wanda ya taɓa ganin lifidin dawakai a hawan sallah ya san dabarar, yadi sama yadi ƙasa auduga a tsakiya an bi da ɗinki, bambancin dai wancan na kare sara da kibiya ne wannan kuma na maganin sanyin Amurka. A ƙarni na 19 yarinya tun tana 'yar ƙarama ake damƙa mata allura, kuma idan an gama haɗa saman, mata kan taru a gidan ɗayarsu su ɗora shi a kan katako su zauna kewaye su gama shi tare, ana ɗinki ana hira.

Abin da Hedges ta yi da labarin Glaspell shi ne ta ce tsaya, kai mai karatu na yau da famfo a gidanka ba za ka gane abin da matan nan suka gani ba sai ka san nauyin aikin. Sai ta koma ga wasiƙu da littattafan ajiyar sirri na matan ƙauyukan Amurka na wancan zamanin da binciken masana tarihi ta zayyano yadda ranar matar manomi take. Ɗauki wanki kawai. Masaniyar tarihi Susan Strasser ta lissafa cewa wanki ɗaya da tafasawa da ɗauraya na cin ruwa wajen galan 50, kusan lita 190 ke nan, kuma duk a kai ko a hannu za a ɗebo shi daga rijiya a ɗora a wuta. To da ka san haka, dariyar da lauya ya yi wa tawul mai datti ta tashi daga raha ta koma cin fuska, kuma ka gane dalilin da ya sa matar maƙwabcin ta harzuƙa. Haka maganar da mazan suka riƙa tsokanar matan da ita, wai shin Minnie ɗinke bargon za ta yi ko ƙulla shi, wato ta haɗa shimfiɗun ukun da ƙulle-ƙullen zare nan da can. Su abin dariya ne, amma ɗinkewa aikin taro ne na mata da yawa, ƙullawa kuwa mace ɗaya na iya yi ita kaɗai a ɗaki, wato matar nan ba ta da kowa, ba mai zuwa wurinta ba ta zuwa wurin kowa, ga kuma ƙullin igiyar da aka samu a wuyan mijin. Kuma fa labarin ba daga iska Glaspell ta ɗauko shi ba, ita ce ta bi shari'ar kisan wani manomi John Hossack a jihar Iowa a ƙarshen 1900 lokacin tana aikin jarida a Des Moines, aka ɗaure matarsa Margaret a 1901, kotun sama ta soke hukuncin, a shari'a ta biyu masu yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su ce da laifi ko babu, suka kasa daidaitawa aka sake ta. Duk maza ne suka zauna a kan shari'ar, don a lokacin mace ba ta zama cikin masu yanke hukunci a jihar.

Ita kanta Hedges, an haife ta a 1927 a Yonkers kusa da birnin New York. Ta yi digirin farko a kwalejin Barnard ta gama a 1948, na biyu a Radcliffe a 1950, amma digirin dakta na Harvard sai 1970 ta karɓa, tana da shekara arba'in da 'yan kai, shekara 22 bayan digirin farko. A tsakani ta yi ta koyarwa nan da can, ta auri William Hedges wanda shi ma malamin adabin Amurka ne, har ta zauna a Towson da ke jihar Maryland a 1967, kuma can ta ƙare aikinta. Towson ba Harvard ba ce, makarantar gwamnatin jiha ce da ta faro a matsayin kwalejin horar da malamai, ni kuma wannan na daga cikin abin da ke burge ni, don a irin wannan wurin ne ta kafa sashen nazarin al'amuran mata a farkon shekarun 1970, ɗaya daga cikin na farko-farko a ƙasar, ta shugabance shi shekaru masu yawa.

Abin da ya fito da sunanta duniya kuwa ɗan ƙaramin littafi ne. A 1973 kamfanin ɗab'i na Feminist Press, wanda Florence Howe ta kafa a 1970, ya sake buga wani tsohon labari na Charlotte Perkins Gilman mai suna The Yellow Wallpaper, Hedges ce ta rubuta sharhin da ke bayansa. Labarin ya fara fitowa a 1892, na wata mata ce da ta shiga damuwa bayan haihuwa, mijinta likita ya kai ta wani gida ya ajiye ta a ɗakin sama ya hana ta aiki ya hana ta rubutu wai hutu shi ne magani, ba ta da abin yi sai kallon takardar adon bango ruwan ɗorawa, tun tana ƙin zanen har ta fara ganin wata mata a tsare a bayansa, a ƙarshe ta haukace tana yage takardar tana rarrafe a ɗakin. Gilman ta san abin da take faɗa, don ita ma a 1887 an kai ta wurin wani shahararren likita a Philadelphia, Silas Weir Mitchell, ya sallame ta da umarnin ta zauna a gida kawai, kar ta wuce awa biyu a rana tana aikin ƙwaƙwalwa, kar ta sake taɓa alƙalami ko burushin zane har abada. Editan mujallar Atlantic da aka fara kai wa labarin ya mayar da shi, ya ce ya ɓata masa rai ƙwarai ba zai so ya ɓata na wasu ba. Hedges ta ce shekara 80 ana karanta wannan abu a matsayin labarin ban tsoro alhali magana ce a kan aure da iko da abin da ke faruwa da mace in aka raba ta da duk wani aiki da hankalinta ke so. Littafin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda kamfanin ya fi sayarwa, yanzu kusan duk ɗalibin adabin Amurka sai ya gamu da labarin.

Ba wai ba a soki aikin Hedges ba. A 1996 wata mai bincike Julie Bates Dock da ɗalibanta suka koma ga asalin bugun 1892 suka nuna cewa rubutun da aka buga a 1973 ya ɗan saɓa da shi a wasu wurare, suka kuma nuna cewa zancen wai ba wanda ya gane saƙon labarin a zamaninsa an ɗan ƙara masa gishiri, akwai masu sharhi na lokacin da suka gane sarai. Wasu kuma suka tono ra'ayoyin wariyar launin fata na ita Gilman ɗin, waɗanda masu ɗaga ta a shekarun 1970 suka tsallake. Gaskiya ce duka, kuma ni ban ga laifin faɗarta ba. Sai dai wanda ya haƙo rijiya daban, wanda ya zo ya ce ruwan da ɗan gauraye daban, ba don bugun 1973 ba da ba wanda zai damu ya je ya gwada shi da na 1892.

Daga adabi Hedges ta gangaro kan allura gadan-gadan. Lokacin bargunan nan sun fara shiga gidajen adana kayan fasaha, a 1971 gidan Whitney da ke New York ya rataye su a bango kamar zane, mutane suka yi ta mamaki wai ashe kakanninsu sun iya haɗa launi kamar manyan masu zanen zamani. Amma an nuna su ne don kyan gani kawai, ba labarin wacece ta ɗinka, a wane hali, da kuɗin wa. Wannan giɓin ne littafin Hearts and Hands na 1987 ya zo cikewa, wanda Hedges ta yi tare da Pat Ferrero mai shirya fim da Julie Silber masaniyar barguna, akwai ma fim mai wannan sunan. A ciki aka bi tarihin Amurka na ƙarni na 19 ta hanyar yadi: audugar da bayi suka noma a kudu, 'yan matan da suka saƙa ta a masaƙun arewa irin na garin Lowell, matan da suka riƙa ɗinka kaya suna sayarwa a bukukuwan tara kuɗin yaƙi da bauta tun shekarun 1830, bargunan da aka tara wa sojoji a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, da na ƙungiyar matan da ke yaƙi da shan giya wadda aka kafa a 1874, inda mata kan sa sunayensu a jikin ƙyallen. Matan da yawancinsu ba su da ƙuri'a sai 1920, amma ga ra'ayinsu nan a ɗinke.

Cikin duka wadda ta fi tsaya min a rai Harriet Powers ce. An haife ta cikin bauta a jihar Georgia a 1837, ta ɗinka wani bargo mai ɗauke da labaran Baibul gida-gida, Adamu da Hauwa'u, Habila da Ƙabila da sauransu, ta kai shi wani baje koli a garin Athens a 1886. Wata malamar zane farar fata Jennie Smith ta gani ta ce a sayar mata, ta ƙi. Bayan wasu shekaru talauci ya matse su ta kawo shi da kanta ta ce dala 10, aka ba ta 5, kuma kafin ta miƙa sai da ta zauna ta bayyana ma'anar kowane gida aka rubuta. Yau wannan bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, na biyun da ta yi yana gidan fasaha na Boston. Af, in kun ci karo da zancen da ke yawo a intanet wai bayi sun riƙa ɓoye taswirar gudu a zanen barguna, wannan daga baya ya ɓullo a wani littafi na 1999 kuma masana tarihi ba su samu hujjarsa ba, na Powers kuwa ga bargo ga bayanin mai shi.

Abin da ya sa na yarda da Hedges shi ne ba ta mai da ɗinki abin waƙa ba. A wata maƙalarta ta 1991 a kan allura da alƙalami ta nuna cewa marubuta mata da yawa na ƙarni na 19 sun tsani ɗinki kamar me, don shi ake miƙa musu duk lokacin da suka ɗauki littafi, ana ce musu wannan shi ne aikin mace, wasu daga cikin masu fafutukar ƙuri'a ma suna ganin bargon ƙyallaye alama ce ta yadda ake ƙarar da rayuwar mace a banza. Sai da ɗinki ya daina zama dole, keken ɗinki da masana'anta suka ɗauke nauyin, sannan marubutan shekarun 1960 da 1970 suka juyo suna yabon allurar kakanninsu. Wato mai yabon ba ita ke tsiyayar da idonta a gaban fitila ba. Hedges ta riƙe duka biyun, wahala ce kuma fasaha ce, ba ta yarda ɗaya ya haɗiye ɗaya ba, kuma wallahi ba kowane mai rubutu a kan aikin mata ke iya wannan ba, yawanci ko dai kuka zalla ko kirari zalla.

Sauran aikinta irin wanda ba a cika yi wa tafi ba ne. Ta tattara rubuce-rubucen Meridel Le Sueur, marubuciyar talakawa da ma'aikata wadda aka toshe wa hanyar ɗab'i a zamanin farautar 'yan gurguzu, aka buga a 1982. Tana cikin editocin babban kundin adabin Amurka na Heath da ya fara fitowa a 1990 ƙarƙashin Paul Lauter, wanda ya shigo da mata da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar cikin abin da ake koyarwa a aji. Ta kuma ɓata shekaru tana zama da malaman wasu fannoni ana duba manhajarsu ana tambaya ina mata suke a ciki, aikin mitin da takardu wanda ba ya sa sunan mutum a bangon littafi. Ta rasu a watan Yunin 1997 tana da shekara 69. In za ku nemi wani abu nata, ku fara karanta labarin Glaspell, gajere ne kuma yana intanet kyauta, sannan ku nemi maƙalar 1986 ɗin mai suna Small Things Reconsidered ku karanta, ku sake komawa kan labarin.