Abin da darasin saitokain ya koya min game da maganin dexa

Ni dai har na shiga aji ukku a karatun lab nan Sakkwato, a zatona bairos shi kaɗai ka kashe mutum in ya kama huhu. Sai da munka zo darasin saitokain malam yac ce mu aje wanga tunani gefe.

Saitokain ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ka saki don su kira junansu, kamar a yi ihun ɓarawo cikin unguwa. Cikin na farkon fita akwai intafiron, shi ka hana bairos hayayyafa a ƙwayoyin da ke kusa, in ya fito da wuri galibi mura mutum zai yi ya tashi abinsa. Matsala sai in ya makara bairos ya yi yawa, nan wasu saitokain irin su IL-6 da TNF da IL-1 za su yi ta ihu ba tsayawa, jama'a su taru su rushe gidan da sunka zo ceto, ƙananan jijiyoyin jinin huhu su fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iska, ka ga mutum na ta haki amma oksijin bai isa jini. Ashe IL-6 ɗin nan ita ka sa hanta ta yi CRP, furotin da ka nuna akwai kumburi cikin jiki, wanda nike gwajinsa kusan kullum a benci ban san mi yake gaya min ba, wallahi na ji kunya.

Abin da yaf fi tsaya min shi ne gwajin RECOVERY da anka yi a Ingila a 2020. Dexamethasone, wato dexa, maganin da ka kwantar da garkuwar jiki, 6mg kullum har kwana 10 ta rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin ukku, masu oksijin kaɗai ɗaya cikin biyar, amma waɗanda ba su buƙatar oksijin ba ta amfane su da komi ba. Ihun take kashewa, in ka sha ta tun farko ka toshe bakin mai gadi ne ɓarawo na cikin gida.

Kuma dexan nan dai da mata ka saye a matsayin sha ka fashe. Hunturun da ya wuce Inna ta aiki yaro kyamis ya sayo mata don mura, nic ce Inna don Allah ki bari, tac ce to likita, kai da ko gama makarantar ba ka yi ba. Na dai ɓoye kwalin.