Litinin, washegarin da aka maida agogo baya

27 ga Oktoba, Landan

Jiya Lahadi aka maida agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk ƙarshen Oktoba, yau kuma muka fara biyan bashin. Da safe kam daɗi, bakwai da rabi gari ya waye tangaran, amma tun ina ɗaure hular kwano nake lissafin cewa wajen biyar saura kwata rana za ta faɗi, ni kuma sai biyar da rabi nake tashi daga aiki. Madam tana daga kicin tana ɗaga murya, "Abban yara, ka dai yi cajin fitilun nan ko?" Nace an yi, ta gaba da ta baya. Dama doka ce a nan, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole keke ya kunna fara a gaba da ja a baya. Hular kwanon ce ba dole ba, wannan dokar gidanmu ce.

Daga Mile End nake gangarawa bakin Regent's Canal in bi gefen ruwa har King's Cross. Mashigin ruwa ne da aka haƙa aka buɗe a 1820, ya taso daga wajen Paddington ya je ya haɗu da kogin Thames a Limehouse, kusan kilomita 14 kenan. Ƴar hanyar da ke gefensa ba don keke aka yi ta ba, dawakai ne suke bi suna jan jiragen dakon gawayi da katako da igiya, har yanzu in ka lura a ƙarƙashin wasu gadojin za ka ga inda igiya ta ci ƙarfe tayi masa zane. To hanyar da aka auna da faɗin doki ɗaya ita ce yau muke rububi a kanta, masu keke, masu gudun motsa jiki, iyaye mata da keken jarirai, masu yawo da karnuka, ga mazauna cikin jiragen da suka ɗaure a gefe sun fito da kujera da buhun itacen hura wuta da tukwanen fulawa. Wani wajen sai kace lungun Kasuwar Kurmi, bambancin kawai nan in ka kauce da yawa ruwa za ka faɗa.

Hukumar da ke kula da wajen, Canal & River Trust, ta karɓi aikin a 2012, kuma ƙa'idarta ba wani boye-boye, mai tafiya a ƙasa shi ke da fifiko, mai keke ya rage gudu. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Rigimar a ƙararrawa take. In ka kaɗa tun daga nesa wani ya juyo yace maka na gode, wani kuma ya harare ka kamar ka zagi iyayensa, in baka kaɗa ba ka zo wucewa a hankali ya firgita yace me ya hana ka kaɗawa, ga na uku wanda ya toshe kunnuwa da abun jin waƙa, shi ko ganga za ka buga masa bai san kana yi ba. Ni dai abun da na tsayar shi ne sau biyu tun da sauran tazara, sannan in buɗe baki in gaisa in yi godiya. Murya tafi ƙarfe sanyaya rai.

Abun da yasa nake rubutun yau ya faru ne bayan na wuce Victoria Park, kafin a kai Broadway Market. An yi yayyafi da daddare, ganyen da ya zubo ya jiƙe ya manne a ƙasa, santsi kamar me. Ƙarƙashin gadojin nan hanya takan tsuke ta lanƙwashe, baka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis, rufin kuma ya sauko ta ɓangaren bango har sai dogo ya sunkuya. Ina rage gudu zan shiga sai wani matashi ya wuce ni fuuu da keken tsere, kaya masu ɗame jiki, ko ƙararrawa babu a kekensa. Ta ɗaya bakin kuma wata dattijuwa ce ke tahowa da ɗan karenta a irin igiyar nan mai miƙewa, ita tana jikin bango kare yana bakin ruwa, igiya ta gitta hanya baki ɗaya. Ya danna birki, tayar gaba ta hau ganye ta zame, sai ji nayi tsundum.

Allah Ya taimaka ruwan wajen iya ƙirjinsa ya tsaya. Amma fitowa ita ce aiki, gefen a miƙe yake ga gansakuka, ga sanyin ƙarshen Oktoba. Ni da wani mai gudu muka kama hannayensa muka jawo shi, wani mutum daga cikin jirgi ya fito da doguwar sanda mai ƙugiya ya lalubo keken, ya kuma kawo masa tawul da shayi. Dattijuwar sai haƙuri take bayarwa jikinta na rawa, shi kuma haƙoransa na kaɗawa yana cewa ba komai ba komai. Mai jirgin yace masa yaje yayi wanka yanzun nan, in kuma ya ji zazzaɓi cikin kwanakin nan ya gaya wa likita cewa ya faɗa kanal, saboda akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwan.

Wallahi har na kai City Road ina ta juya abun. Igiyar karen bata kyauta ba, gaskiya ne, amma da yaro ne ɗan shekara uku ya ɓullo a guje fa? Mu masu keke mun iya kuka da direbobi, kuma muna da hujja, shi yasa da aka gyara dokokin hanya a Janairun 2022 muka ji daɗi da aka ce mota ta bamu aƙalla mita ɗaya da rabi in za ta wuce mu. Amma gyaran nan ɗin dai shi ne yace wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa, kuma a bakin ruwan nan babu tirela babu bas, mu ne manyan.

A Islington dole kowa ya hau sama, ruwan ya shige ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan mita 880 kuma babu hanyar gefe a ciki, da can ma kwance dawakai ake yi a zagaya da su ta kan tudu. Na bi ta Angel na sake gangarawa ta wajen Caledonian Road. Na isa ofis a makare kaɗan da wando jiƙe har gwiwa, oga da ya ji labari dariya kawai yayi.

Aiki dai aiki ne. Sallolin ne suka fara matsowa kusa da juna, azahar da la'asar da magariba duk a ofis suka same ni.

Da na tashi duhu yayi sosai, na tsaya a Granary Square ina kallon matakalar da ke sauka bakin ruwa, sai naji raina bai kwanta ba. Yawancin hanyar babu fitilun titi, ruwa baƙi hanya baƙa, in mai tahowa ya dallare maka ido da irin fitilun nan masu ƙarfi shikenan baka san inda gefen yake ba. Ga ƴan kai saƙon abinci da yamma suke yawa, wasunsu kekunan lantarkin nasu an taɓa su. Doka tace injin kar ya wuce wat 250 kuma ya daina turawa in an kai kilomita 25 a awa, amma kana ganin mutum ƙafafunsa ko motsi basa yi yana sheƙa gudu ka san wannan babur ne. Ban cika ganin laifinsu su kaɗai ba, da yawan saƙon da suka kai ake biyansu, amma ba zan so mu haɗu a ƙarƙashin gada cikin duhu ba.

Sai na bi titi. Na gangara ta Farringdon, na ratsa tsakiyar gari zuwa Aldgate, na hau layin keke na titin Whitechapel wanda aka raba shi da motoci da dakali. Mutane suna ganin titi ya fi haɗari, kuma akwai gaskiya a ciki, a shataletalen Bow da ke gaba da unguwarmu manyan motoci sun kashe masu keke biyu a ƙarshen 2011, shi yasa ko kusa bana shiga gefen hagun babbar mota a mahaɗa, ko tana tsaye, in ta tashi karya kwana direban ba lallai ya ganka ba. Amma a titi akwai haske, akwai danja, kowa ya san hannunsa. Wajen da nake taka-tsantsan shi ne tashoshin bas, inda fasinja sai ya tsallaka layin keke kafin ya hau, nan ma birki ne da haƙuri.

Na tsaya nayi isha'i a babban masallacin Whitechapel, na haɗu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke gaisawa. Ya ga hula a hannuna yace, "Ɗana, har yanzu kana kan dokin ƙarfen nan cikin sanyin nan?" Nace, "Baba, kuɗin jirgin ƙasa ne ya hana ni sauka." Yayi dariya yasa min albarka, yace in ƙara rigar nan mai sheƙi.

Madam na bata labarin wanda ya faɗa ruwa, ban kai ƙarshe ba tace to daga yau an daina bin bakin ruwa. Mun dai daidaita, da safe kanal, da yamma titi, har zuwa ƙarshen Maris da za a sake tura agogo gaba. Robar birkin baya ta cinye, ranar Asabar zan canza in sa wa kaca mai. Sun ce gobe ma da ruwa.