Abin da aiki a ɗakin likitan haƙori ya koya mini

Tun da na fara taimaka wa likitan haƙori a wurin aiki, na lura cewa yawancin masu zuwa da ciwon haƙori sun riga sun gwada wata dabara a gida, kuma dabarar takan sauƙaƙa aikinmu ko ta ƙara dagula shi. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri yana tsabtace wurin, ƙanƙara a cikin ƙyalle a kan kunci tana rage kumburi, sannan paracetamol ko ibuprofen, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsu, suna ba mutum damar yin barci kafin gari ya waye. Mai gyambon ciki dai ya guji ibuprofen.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗora ƙwayar aspirin a kan dasashi. Na ga yadda take barin farin tabo na ƙuna a gefen haƙorin, naman ya saɓule, alhali ciwon da ke can cikin jijiya bai ko motsa ba.

Darasin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne cewa ɗaukewar zafi ba warkewa ba ce. Haƙorin da ya yi kogo ya hana barci kwana da kwanaki, sa'annan ya yi shiru farat ɗaya, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna ci gaba da tara mugunya a ƙarƙashin saiwa. Shan ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da tushen matsalar, sai likita ya buɗe wurin ko ya cire haƙorin. Idan kumburin ya kai ido ko wuya, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, to a nufi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.

Haƙorin babba da ya fita sakamakon bugu ma ba ya jira. A riƙe shi ta kansa, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta, a mayar da shi gurbinsa ko a tsoma shi cikin madara, a isa wurin likita cikin minti 60. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba, shi kam ba a mayar da shi, domin yana iya lahanta sabon da ke tahowa a ƙasa.