Daga Kallon Anime Zuwa Filin Kareti: Abin da Muke Gyarawa a Wata Ukun Farko

Sana'armu koyar da kareti ce, salon Shotokan, tare da ƙaramin ajin Japananci da muke haɗawa da ita. Yawancin matasan da suke zuwa rajista anime ne ya kawo su, wato katun ɗin Japan da suke kallo a waya. Kunnensu ya riga ya saba da sautin harshen, sha'awa kuma ba sai an tura su ba. Sai dai suna zuwa da kaya biyu da dole a sauke musu: Japanancin da bai dace da bakin mai ladabi ba, da zaton cewa faɗa ihu ne da tsalle.

Harshen shi ya fi cin lokaci. Masu tsara anime suna ba tsoho irin maganarsa, jarumi tasa, mugu tasa, don mai kallo ya gane su daga buɗe baki. Masana a Japan suna kiran wannan yakuwarigo, kuma ba haka ake magana a kasuwa ko ofis ba. Omae, temee da kisama duk "kai" suke nufi. Na farko sai tsakanin abokai na jiki, biyun ƙarshe kuwa neman rigima ne tsagwaronsa. Ore, da yaran suke so saboda jarumai na faɗarsa, "ni" ne na samari a tsakaninsu, ba a yi wa malami shi. Dattebayo na Naruto, jarumin wani anime, salon bakin da aka ƙirƙira masa ne, ba maganar mutane ba. Saboda haka a makon farko muke kafa doka: watashi a matsayin "ni", jimla ta ƙare da desu ko masu na ladabi, a kira mutum da sunansa a ɗora san. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ɗora wa sunan kansa san, ko babban ɗalibi ya kira kansa sensei, wato malami. Waɗannan kalmomin girmamawa ne, wani ke ba ka su.

A furuci kuwa Bahaushe ya shigo da jarinsa, kuma muna amfani da shi sosai. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o. Jan wasali yana canza ma'ana kamar yadda garin da ake zama ya bambanta da garin tuwo: obasan goggo ce ko inna, obaasan kaka. Akwai ɗauri, kite "zo" ne, kitte kan sarki na wasiƙa. Fu ɗinsu da leɓɓa biyu ake hura shi, daidai da namu. Inda ake tuntuɓe shi ne tsu. Namu ts a matse yake fitowa daga maƙogwaro, nasu kuwa t ne da s ya biyo shi a sake. Sai an yi ta maimaita tsuki, wato naushi, kafin matsewar ta saki. Wurin tuntuɓe na biyu shi ne tsarin jimla, domin a Japananci aikatau a ƙarshe yake zuwa.

Rubutun Japananci iri uku ne: hiragana, katakana da kanji. Muna farawa da hiragana, haruffa 46, biyar a rana, a littafin lissafi mai gida-gida don hannu ya koyi daidaita girma. Cikin kwana goma an zagaye su, sai mako biyu na karatu kafin a taɓa katakana, su ma 46. A katakana harafin shi da na tsu suna kama, abin da ke raba su shi ne tafiyar alƙalami: dogon layin harafin shi daga ƙasa yake hawa, na tsu daga sama yake sauka. Wanda ya daɗe yana karanta Japananci da baƙaƙen boko yakan sha wuya daga baya, shi ya sa muke cire su daga allo bayan wata guda. Kanji, wato haruffa masu ɗauke da ma'ana, na amfanin yau da kullum a jerin gwamnatin Japan na 2010 guda 2,136 ne. Muna faɗa wa ɗalibi wannan adadin tun farko, don ya san aikin shekaru ne.

Yanzu filin horo, dojo. Takalmi a bakin ƙofa, a rusuna a shiga. Ana jeruwa bisa matsayi, a zauna seiza: gwiwar hagu ta fara sauka, a tashi kuma da ta dama. Sabon shiga kada ya wuce minti ɗaya ko biyu a wannan zaman, ƙafa na yin sanyi, idan ya zabura ya miƙe sai targaɗe. Ana cewa onegaishimasu, kalmar roƙo ta ladabi, a farko, arigatou gozaimashita, wato godiya, a ƙarshe. Hajime a fara, yame a tsaya, kuma yame ita ce kalmar da muke fara koyarwa, domin ita ke hana rauni. Wanda ya makara ya jira a gefe har malami ya yi masa izini. Osu, gajeriyar kalmar amsawa da gaisuwa, ana faɗarsa a ɗakunan kareti da yawa, amma a waje ba gaisuwa ba ce ga dattijo ko baƙo.

Batun rusunawa iyaye da dama suna tambaya, kuma tambaya ce mai muhimmanci. Akwai ta tsaye, akwai ta zaune da ake dafa ƙasa a sunkuyar da kai. Mu ba mu ajiye hoto ko wurin bauta a gaban ɗaki, ba mu yin ta zaune, ta tsayen kuma ɗan sunkuyar da kai ce ga abokin horo. Muna bayyana wa uba wannan ranar rajista, tare da gaya masa cewa a gasar hukuma ana rusunawa kafin karawa da bayanta, don ya yanke shawara da saninsa.

Rigar horo, dogi, ɓangaren hagu ke hawa kan na dama. Akasin haka a Japan gawa ake yi wa, don haka ba ƙaramin kuskure ba ne. Mai farawa ya sayi mara nauyi, mai oza 8, domin mai oza 12 zuwa sama tana riƙe zafi, ga tsada. Lamba 4 takan yi wa mai tsawon santimita 170, lamba 5 mai 180. Auduga ce, ruwan zafi na tsuke ta, a wanke da na sanyi a shanya a inuwa. Ɗamara zagaye biyu ce, a ƙulla a gaba, bakunan biyu su zo daidai.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, Funakoshi Gichin ya nuna shi a Tokyo a 1922, kuma ginshiƙansa uku ne: kihon, wato dabarun tushe; kata, jerin motsi da aka tsara; kumite, karawa da abokin horo. Mai kallon anime kumite yake so tun ranar farko, mu kuwa sai ya yi wata uku a kihon. Dunƙule hannu kaɗai darasi ne: babban yatsa a waje ya danne manuni da na tsakiya, a bugi abu da ƙasusuwan tushen waɗannan yatsu biyu, wuyan hannu a miƙe. Wanda ya buga da gefen ƙaramin yatsa ƙashin wurin ke tsagewa. Wanda ya sake naushi a iska har gwiwar hannu ta ƙame, ciwon gaɓa ke biyo baya. A tsayuwar gaba kashi 60 na nauyi a ƙafar gaba yake, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa suka kalla, in ta karkata ciki jijiya ke wahala. Kiai ihu ne gajere daga ciki, ba a kiran sunan dabara kafin a yi ta. A kendo, wasan takobin Japan, ake kiran wurin da aka sara, men, kote ko do. Kata ta farko, Heian Shodan, motsi 21 ce, kiai sau biyu.

Matakan ɗalibai, kyu, ƙasa suke ƙirgawa zuwa ɗaya, sannan baƙar ɗamara, shodan, wadda ma'anarta matakin farko. Mai zuwa sau uku a mako yakan kai ta cikin shekara uku zuwa biyar.

Ta fuskar gudanarwa, ba mu wuce ɗalibai 16 ga malami ɗaya, don ido ya kai kan kowace gwiwa. Shimfiɗar roba mai haƙora muke amfani da ita, mita ɗaya-ɗaya, kaurin santimita 2, wanda ya isa kareti amma bai isa kayarwa irin ta judo ba. Darasi minti 90 ne bayan la'asar: 15 na ɗumama jiki, 50 na horo da hutun shan ruwa a tsaka, 25 na Japananci a zaune lokacin da jiki ke hucewa. Wata na biyu ne ake yawan guduwa, lokacin da maimaici ya fara gundura. Maganin da muke yi shi ne, ranar Asabar kowane ɗalibi ya kawo jimla ɗaya da ya ji a anime, a rubuta ta da hiragana, a fayyace wa ke faɗa wa wa, sannan a juya ta zuwa yadda za a faɗa wa malami.