Na kware rufin aji kafin kuɗi su shigo

Har yau in na bi ta gaban makarantar nan na ɗaga kai na ga rufin aji biyun nan mai launi biyu, rabi sabon kwano rabi tsoho, sai in ji wani abu ya tsaya min a wuya. Aikina ne wannan, ni da hannuna.

Ƙarshen 2022 aka ɗora min ma'ajin kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarmu, can gefen Kumo, wai don ina da shago na iya lissafi. Jauro ne shugaba, hedimasta sakatare, sai wakiliyar mata, liman, da wakilin tsofaffin ɗalibai. Ni a tunanina kasafin kuɗin makaranta kamar na shago ne, ga abin da ya shigo ga abin da ya fita. Ashe ba haka ba ne. Albashin malamai ko ƙwandala ba ya bi ta hannunmu, daga kason ƙaramar hukuma ake cirewa. Manyan gine-gine kuma yawanci kuɗin UBEC ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta taɓa nata rabon sai ta ajiye kwatankwacinsa tukuna. Buƙatarku ku rubuta ta, ta bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta wuce SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Gombe, ta shiga layi da na sauran makarantun ƙananan hukumomi 11. Ga shekarar kasafin gwamnati daga Janairu zuwa Disamba take, alhali zangon farko a Satumba yake farawa, to abin da ka nema bana in an yi sa'a baɗi ka gan shi. Abin da ke hannun kwamiti ɗan kaɗan ne, alli, rajista, gyaran benci, sai in Allah ya kawo wani tallafi.

To mu Allah ya kawo. Wani shiri ne, ba zan kama suna ba don ba su da laifi, suka amince mana da gyaran rufin aji biyu da ke yoyo. Kuɗin kashi biyu za a saki, na farko ka fara aiki, ka kawo shaidar yadda ka kashe, abin da 'yan ofis ke cewa ritaya, sannan a sako na biyun. Mu kuma al'umma mu kawo namu gudummawar ko da yashi ne ko ƙarfin jiki. Zama, ƙiyasi, buɗe asusu, sa hannu, duk wannan ya tafi lafiya lau.

Kason farko ya shigo a Maris 2023, ku tuna lokacin ne ake wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira. Na sayi katako da ƙusa da siminti na Ashaka don gyaran kan bango, waɗannan duk da rasit. Amma mai tifar yashi, masu kurar ruwa, leburori, babu mai karɓar taransifa, sai in je wurin mai POS in ciro da tsada in miƙa musu a hannu. Wa zai tsaya ya ce wa mai kurar ruwa ba ni rasit? Ban rubuta ba, ban sa kowa ya dangwala ba, hatta cajin POS ɗin ban ajiye takardarsa ba. A kaina na riƙe lissafin, kamar yadda nake yi a shago.

Ana shiga Afrilu na ce a kware tsohon rufin. Kafintan namu dattijo ne, ya ajiye guduma ya dube ni ya ce, "Alhaji, ina kwanon?" Na ce yana hanya Baba, an riga an amince da kuɗin, sati biyu ya yi yawa. Ya ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa kware rufi ba sai na ga kwano a ƙasa na ƙirga shi." Hedimasta ma ya ja ni gefe, Alhaji a yi haƙuri a jira alat, amincewa daban saki daban. Na ce Malam ai yara suna hutu, in ba yanzu ba sai yaushe, so kake ruwa ya same mu? Wallahi har da ɗan ɗaga murya na yi. A gafarce ni da wannan magana, amma ganin hadari ne ya sa na yi wanka da kashi.

Aka kware. Na kai takardu, bayan kwana goma aka dawo min da su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na kashe babu shaida. Jami'in bai ma zarge ni da cin komai ba, cewa kawai ya yi, Yallabai ni na yarda da kai amma fayil bai san ka ba. Na dawo na shiga farautar mutane. Mai tifa ya tafi Dadin Kowa aiki, leburori biyu sun koma ƙauye sharar gona, ɗaya ma sunansa na gaskiya ban sani ba, Dogo muke ce masa. Sati biyar ina yawo a kan mashin da bauca da tawadar dangwale a aljihu.

Kafin in gama haɗawa, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, komai ya bi ta. Lokacin da kaso na biyu ya shigo, kuɗin da muka rubuta na bandur 12 na kwano da ƙyar ya sayi 8, ga kuɗin ɗauko shi daga Gombe ya ninka. A ƙiyasinmu ko sisi ba mu ware na ko-ta-kwana ba, farashin Janairu muka rubuta kamar an sassaƙa shi a dutse, kuma ni na ce a cire wannan layin don kar a ce muna neman na cefane.

Ruwa kuwa bai jira mu ba. Hadarin farko da ya taso daga gabas ya jiƙa sabon katakon, silin ya rufto, bencina sun kumbura, rajistar aji huɗu ta zama kamar kunu. 'Yan aji uku da aji huɗu a gindin darbejiya suka yi kusan duk zangon, da an ga gari ya haɗe sai a tashe su. Wakiliyar mata ta same ni a shago gaban kwastomomi ta ce, "Alhaji, da can yoyo ne muna tara bokiti, yanzu sama muke kallo." Ban iya ce mata komai ba. Abin da ya fi ci min rai, a gari an fara cewa ma'aji ya ci kuɗin rufi, ni da na cika daga aljihuna.

Yanzu in ana zaman kasafi a kwamiti, shafi biyu nake ja a littafi, na kuɗin da aka yi alkawari da na kuɗin da alat ɗinsu ya shigo, kuma daga na biyun kaɗai ake taɓawa. Kashi 15 cikin 100 nake sa wa a ware na tashin farashi, duk mai jin haushi ya ji. Mai kurar ruwa ko jarka ɗaya ya kawo sai ya dangwala, har tsokanata suke wai Alhaji Dangwale. Aikin rufi kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba na ƙara yarda da Afrilu.

Ragowar rufin da tsohon kwanon muka rufe, wanda Baba kafinta ya hana yara kwashewa ya jera a bayan ofis ya ɗora masa duwatsu tun ranar da aka kware, ban ma san ya yi ba. Da muka zo ɗorawa shi ya zauna ya tsince masu dama-dama, ya liƙe ramukan ƙusa da kwalta ɗaya bayan ɗaya. Na kawo masa kuɗin wannan aikin ya ƙi karɓa, sai ya miƙo min babban yatsansa ya ce, "Ina tawadar, Alhaji?"