Asabar a Gwammaja

Yau bayan la'asar na je Gwammaja duba Kawu, ƙafar nan tasa ta sake kumbura. Ba wuta, zafi kuma ya hana zaman ɗaki, sai muka shimfiɗa tabarma a soro. Hira ta ja mu har kan mahaƙan nan 33 na ƙasar Cile da rami ya rufta da su a 2010, suka yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa. Na ce masa kwana 17 na farko ba wanda ya san suna raye, kuma da aka samu hanyar aika saƙo, wasiƙun matansu ne suka riƙa ɗebe musu kewa.

Kawu ya yi shiru can, sannan ya ce, "Su ai suna da yawa. Ni ni kaɗai ne."

Na san ya yi fatauci zuwa Libiya yana matashi, amma wannan labarin ban taɓa jinsa ba. Motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. Direba da yaransa suka bi wata mota neman kayan gyara, aka bar shi gadin kaya, wai kwana biyu. Kwana tara ya yi. Jarkar ruwa ɗaya, dabino kaɗan. Da rana ya shige ƙarƙashin mota, da dare sanyi ya hana shi barci. Ruwan ma da murfin jarka yake aunawa.

Na zaci zai ce tunanin kyan matarsa Inna ne ya riƙe shi. Ina! Faɗa suka yi ranar da zai tafi. Tana da ciki, ta ce kada ya je, shi kuwa ya ce, "Ki yi abin da kika ga dama," ya fice ko sallama babu. A cikin rairayin nan abin da ya fi ƙishirwa cin ransa shi ne ya mutu wannan ce maganarsa ta ƙarshe a kunnenta. Kullum in ya yi taimama ya sallaci asuba, sai ya zauna yana tsara yadda zai ba ta haƙuri, ya gyara nan, ya sauya can. Aikin da ya ba kansa ke nan, kuma ina ganin shi ya hana shi shanye ruwan a rana ɗaya.

A rana ta shida ya ɗaura rawani zai bi sawun taya a ƙafa, abin da ke halaka mutane a sahara. Ya ce sai ya ji kamar muryarta: "Malam, kai dai ba ka jin magana." Ya koma ya zauna.

Kalmar so ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya, mutanen da da kunya. Cewa yake, "Allah ne ya yi da sauran kwana." Haka ne, amma ai komai da sanadi.

Ana kiran magariba Inna ta leƙo da kunun tsamiya. Na kasa haƙuri, na ce, "Inna, da ya dawo ya ba ki haƙurin?"

Ta ajiye kwanon, ko kallonsa ba ta yi ba. "Turmin atamfa ya kawo mini. Haƙurin kuwa har yau ina jira."

Kawu ya ce in miƙo masa butarsa.