Rage girman rim a motar Volkswagen Golf GTI: daga inci 18 zuwa 17

Amfanin yana cikin nauyi. Rim mara nauyi yana sauƙaƙa wa shokazoba aiki, taya ta riƙe kwalta a gargada, sitiyari ya ƙara jin magana. Maye gurbin taya 225/40 R18 da 225/45 R17. Bambancin tsayinsu kusan milimita 3 ne, don haka mitar gudu ba za ta ruɗe ba.

Inda ake yin kuskure shi ne birki. Gwada rim ɗaya a gaba kafin ka biya, domin babban birki yakan gogi cikinsa. A GTI samfuri na biyar (Mk5) zuwa sama, ramukan noti 5x112 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, ramin tsakiya milimita 57.1. Duba mazaunin noti ma: na Volkswagen mai zagaye ne, yawancin na kasuwa mai tsini, haɗa su kuwa yana sa noti ya kwance. Sake ɗaurewa bayan kilomita 50.